Ina Iya Shara da Wanki, Amma Tsayuwa Ta Gagare Ni

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, nan cikin Kaduna, shekaruna sun doshi sittin. Zan ba da labarin wani ciwo da ya zauna mini a ƙugu da ƙafafu shekara da shekaru. A lokacin da nake tsakiyar wahalarsa na nemi wanda zai yi mini bayaninsa da harshen da nake fahimta, ban samu ba sai daga baya can. Ba na so wata ta yi irin wannan dogon zagayen.

Wajajen 2018 abin ya soma. Ciwon baya ba baƙo ba ne ga macen da ta haihu, ta yi goyo, ta yi daka da ɗiban ruwa, saboda haka wannan bai dame ni ba. Abin da ya biyo bayansa shi ne daban. In na tsaya gaban allo ina rubutu, kafin darasi ya ƙare sai wani nauyi ya taso daga mazaunaina, ya gangara ta bayan cinya har sha-raɓa. Sai minjirya ta kama tafin ƙafa, sai zugi, sai ƙafafun su sage in rasa inda nake takawa. Da na ja kujera na zauna, cikin 'yan mintoci komai ya lafa. Tafiya ma haka take. Da can daga gida nake takawa zuwa makaranta, in biya Kasuwar Barci in yi cefane in dawo, ban san na yi ba. Sai ga shi na koma neman dakali a kowane layi. Na haddace ƙofar gidan da ke da dakali da shagon da ke da benci a duk hanyar da nake bi.

Abin da ya rikita ni, ya kuma rikita mutanen gidanmu, shi ne ina ɗaukar tsintsiya in duƙa in share tsakar gida tas, ba abin da nake ji. Ina zama a kujera 'yar tsugunno in yi wanki, in yi tankaɗe, in tuƙa tuwo a murhu. Amma in tsaya in soya ƙwai a kan gas, wannan ya fi ƙarfina. A salla ma, tsayuwar karatu ita ce azaba, da liman ya yi kabbarar ruku'u sai in ji an sauke mini kaya. A watan azumi ina bin tarawihi a masallacin unguwa, hankalina ba ya kan ayoyin da ake karantawa, yana kan yaushe za a duƙa. Wannan ya fi ciwon kansa ƙona mini rai.

Ba wanda ya fito fili ya ƙaryata ni a gida, amma ido ba ya ɓoye abin da ke zuciya. Ta yaya wadda ta wanke kayan gida duka za ta ce ba ta iya zuwa gidan suna a bayan layi? A wurin aiki kuwa wata abokiyar aikina ta faɗa inda zan ji, wai son jiki ne, na gaji da koyarwa. Na yafe mata, domin ni kaina a lokacin ba ni da amsar da zan bayar. Ina so mai karatu ya riƙe wannan wurin da kyau, saboda abin da ya sa ake shakkar maganata shi ne ainihin alamar ciwon.

Kowa ya ba shi suna. Yayata ta ce sanyi ne, na haihuwar da ban yi wankan jego yadda ya kamata ba. Wasu suka ce amosani. Wata dattijuwa a dangin maigidana ta ce na taka wani abu ne, a nemi tsari. An kira wanzami ya yi mini ƙaho a gadon baya, an shafa man zaitun da habbatus sauda, an jiƙa saiwoyi. Ban raina ko ɗaya daga cikin masu kawo waɗannan ba, ƙauna ce ta sa su. Sai dai ƙafa ba ta canja ba.

Wanda ya yi aiki nan take shi ne haɗin kemis. Ƙwayoyi ne kala-kala a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda, a ce ki sha safe da dare. In na sha sai in wuni garau. Bayan wasu watanni fuskata ta cika ta yi zagaye, mutane suna ta yaba mini wai na yi kyau, ga ƙwannafi da zafin ciki da ke tashe ni cikin dare. Da aka auna ni a asibiti aka ga suga ya hau, jini ma ya hau. Likitar da ta duba ledar ta ware mini su ɗaya bayan ɗaya. Akwai daikulofenak da ibufurofen a tare, alhali dangi ɗaya ne, haɗa su ninka haɗarin gyambon ciki ne da lalacewar ƙoda. Akwai kuma ƙaramar ƙwayar nan ta sitiroyid da 'yan mata ke sha don ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Ita ce ta kumbura fuskar, ta tayar da suga, kuma in an daɗe a kanta tana rage ƙwarin ƙashi. Ta gargaɗe ni kada in yanke ta rana ɗaya, sai a hankali aka riƙa rage mini har na rabu da ita. Har yau in na ga ana miƙa wa tsohuwa irin wannan ledar raina ɓaci yake yi. Mai sayarwa ya ga sauƙin yau ne kawai, ƙodar da za ta lalace ba a shagonsa za a yi jinyarta ba.

Da aka yi kullen korona a 2020 aka rufe makarantu, sai na zaci na warke. Ina zaune a gida, babu tsayuwa babu tafiya, ciwo ya yi shiru. Ashe zaman ƙara mini nauyi ya yi, ya kuma kashe ƙarfin cinyoyina. Da aka koma aji, tsayuwar da nake iya yi a da ma ta ragu.

An taɓa yi mini hoton ƙashi, aka ce ƙasusuwan ƙugu sun nuna tsufa, aka rubuta magani. Ba ƙarya aka yi ba, iyakar abin da wannan hoton ke iya nunawa ke nan, domin ƙashi yake gani, ba ya ganin jijiya. Sai da babban ɗana ya matsa, ya kai ni wurin likitan ƙashi, sannan aka kama bakin zaren. Likitan yaro ne matashi, sa'an 'ya'yana. Bai fara da rubutu ba, tambaya ya fara yi.

Ya ce, "Mama, in ciwon ya taso kina tafiya, in kin tsaya cak yana tafiya, ko sai kin zauna?"

Na ce sai na zauna, ko in dafa bango in ɗan sunkuya.

"Hawan tudu da gangara, wanne ya fi ba ki wahala?"

Ban taɓa tunanin wannan ba, amma nan take na gane gangara ta fi. Sai na yi ƙarfin hali na faɗa masa maganar shara da ruku'u, ina jiran ya yi mini kallon da na saba gani. Ya ajiye biro ya ce, "Mama, kin riga kin faɗa mini ciwonki. Hoto za mu yi don mu tabbatar." Hawaye ne suka zubo mini a gabansa, domin ranar ce aka fara gaskata ni gaba ɗaya.

Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na yi a kan yatsu, ya buga gwiwa da idon sawu da 'yar gudumarsa, ya taɓa bayan ƙafata yana neman bugun jini. Ya ce dole ya duba wannan, saboda toshewar hanyoyin jini a ƙafa ma tana sa ciwo in ana tafiya, sai dai mai wannan da ya tsaya cak yake samun sauƙi, ba sai ya duƙa ba. Ciwon suga shi ma yana sa ƙafa ta sage, amma nasa ba ruwansa da zama ko tsayuwa. Ya tambaye ni ko ina zazzaɓin dare, ko gumi, ko rama, domin a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne. Babu ko ɗaya.

Hoton MRI ya kusa cinye albashin wata. Ga wadda ba ta taɓa shiga ba, babu allura babu zafi, maganaɗisu ne yake aiki, shi ya sa ake cire ɗan kunne da awarwaro da duk wani ƙarfe, a kuma tambaye ki ko an taɓa sa miki ƙarfe ko na'ura a jiki. Za ki kwanta cikin wani rami mai ƙara sosai kamar na rabin awa. Ni kwanciya a miƙe ce ta wahalar da ni, sai da suka sa mini matashi a ƙarƙashin gwiwa.

Da sakamakon ya fito likitan ya zana mini a takarda. Ƙasusuwan baya a jere suke tun daga wuya, 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa da suka manne da juna. A tsakiyarsu akwai kafa da laka ke bi. Ita lakar tana ƙarewa ne a wajajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne suke gangarawa a dunƙule, su ne ke zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura. Wannan kafar ce ta tsuke a jikina, tsakanin ƙashin ƙugu na 4 da na 5, wurin da ya ce nan ta fi yawan tsukewa ga mutane. Su likitoci sitenosis suke ce masa. Ya ce, "Mama, kin san lungunan Tudun Wada. Wannan maƙwabci ya ɗan turo katangarsa, wancan ya gina dakali, wani ya fito da kwata, har lungun da mota ke shiga ya koma sai mutum ɗaya." Haka faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya bushe ya turo ciki, gaɓoɓin baya suka yi kauri suka fitar da ƙarin ƙashi, wata igiyar nama da ke bayan kafar ita ma ta yi kauri. Ba rana ɗaya ake yin wannan ba, shi ya sa ya fi kama waɗanda suka haura hamsin. In mutum ya miƙe ko ya gantsare, kafar ƙara matsewa take yi. In ya duƙa ko ya zauna sai ta ɗan buɗe, jijiyoyi su samu sarari. Sirrin shara da ruku'u ke nan.

Na tambaye shi abin da ke cina, na ce, "Likita, zan gurgunce?" Ya ce mafi yawan masu wannan ciwo ba sa kaiwa nan. Da yawa suna shekaru a yadda suke, wasu har su samu sauƙi ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Ya ƙara da cewa akwai tsofaffi da yawa da in aka yi musu hoto za a ga tsukewar, alhali ba sa jin komai, don haka ba hoton ake yi wa magani ba, mutum ake yi wa. Babu ƙwayar da ke buɗe kafar. Abin da za mu yi shi ne mu koya wa jiki zama da ita, in hakan ya gagara sai a yi maganar mataki na gaba.

Ya tura ni sashen gashin ƙashi. Na je da tunanin za a gasa mini baya da fitila in dawo gida, kuma an ɗan gasa, amma matar da ta karɓe ni ta faɗa mini gaskiya tun ranar farko. Ta ce, "Hajiya, fitila daɗi ce ta awa ɗaya. Aikin yana hannunki." Ta koya mini in kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, ɗaya bayan ɗaya sannan duka biyu. Ta koya mini in manna ƙuguna da ƙasa ina tsuke mara, in riƙe, in saki. Ta sa ni tashi da zama daga kujera ba tare da dafa komai ba, don cinyoyi su dawo da ƙarfinsu. Sai keken motsa jiki, irin wanda ba ya tafiya ko'ina. Na ji nauyin hawansa da farko, mace da shekaruna, amma a kansa ne na ga abin mamaki. Ni da ba na iya kaiwa ƙarshen layinmu a ƙafa, ina tuƙa shi tsawon lokaci babu minjirya, saboda a sunkuye ake zama a kansa. Daga baya yarana suka haɗa kuɗi suka sayo mini na hannu, yana nan a ɗakina har yanzu.

Tafiya kuwa ta hana ni dainawa. Ta ce in taka har zuwa inda ciwon zai fara tasowa, in zauna ya lafa, in tashi in ci gaba. Kwanciya ita ce babbar abokiyar gaba. Ta ce in zan yi barci in kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Ɗamarar baya da na saya, ta ce in ɗaura ta in zan yi doguwar tafiya a mota kawai, domin in ta zama kullum naman ƙugu lalaci yake koya.

Sauran gyaran a gida da aji na yi shi. Na sa kafinta ya yi mini doguwar kujera, ina zama a kanta in yi girki, akwai irinta a gaban allo. Na rage tuwon dare da lemon kwalba da shayi mai suga, nauyi ya ɗan sauka, sugan ma ya daidaita. Magani kuwa farasitamol ne in ya matsa. An gwada mini firegabalin don zugin jijiya, ya sa ni jiri da barci a aji, likita ya janye shi. Ya kuma ja mini kunne a kan tiramol, ya ce kada in kuskura in karɓa daga hannun kowa.

Maganar salla ta daɗe tana damuna, har maigidana ya tambayar mini malamin unguwa. Ya aiko mini da hadisin Imrana ɗan Husaini, sahabin da ke fama da basur ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Tun daga nan nake kabbara a tsaye, in karatu ya yi tsawo in zauna. Natsuwata ta dawo. Ina ganin mata da yawa a sahu suna cije leɓe saboda kunyar a gan su kan kujera, alhali addini ya riga ya yi musu sauƙi.

A haka na samu kusan shekara biyu masu kyau. Ban warke ba, amma ina aikina, ina zumunci. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep ya tashi, zuwa asibiti a kai a kai ya yi wuya, sai na riƙe motsa jikin a gida. Ina jaddada waɗannan shekarun saboda mutane da yawa a nan za su tsaya, ba za su taɓa buƙatar abin da ya biyo baya ba.

Ni dai nawa ya ci gaba. Tazarar da nake iya takawa ta yi ta raguwa har ta koma daga ɗaki zuwa zaure. Aka yi mini allurar baya, wadda ake zuba maganin rage kumburi kusa da jijiyoyin. An faɗa mini tun farko cewa sauƙinta na makonni ne ko watanni, kuma tana ɗan tayar da suga. Haka aka yi, ta ba ni hutu sannan ciwo ya dawo. Sai wata rana autata ta biyo ni da silifas a hannu, ta ce, "Umma, takalminki." Ya sulɓe daga ƙafar dama tun a tsakar gida, ina ta tafiya ban sani ba. Na fara tuntuɓe a wurin da babu dutse. Da likita ya ce in ɗaga babban yatsa sama yana dannawa, ba ni da ƙarfin tura hannunsa. Ya ce yanzu zance ya tashi daga ciwo ya koma rauni, kuma jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo duka ba. Shawararsa tiyata.

Gidanmu ya rabu biyu. Yayata ta zo tun daga Kawo tana kuka, ta ce, "Kada ki yarda a taɓa miki baya. Duk wanda aka yanka a baya ba ya sake tashi." Kowa yana da labarin wani da aka yi wa aiki ya ƙare a keken guragu. Da na bi diddigin labaran, sai na ga yawancinsu hatsarin mota ne ya karya musu baya, ko kuwa sai da ƙafafu suka riga suka mutu aka kai su. Maigidana bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba. Ya ce in yi istihara, mu koma mu yi wa likita duk tambayar da ke ranmu.

Muka koma da takarda cike da tambayoyi. Ya ce za a cire ɗan ɓangaren ƙashin da ke rufe bayan kafar da igiyar naman da ta yi kauri, jijiyoyi su samu wuri. Ƙarfe da kusoshi ana sa su ne in wani ƙashi yana zamewa a kan ɗan uwansa, kuma hoton da aka yi mini ina duƙe da ina miƙe ya nuna nawa ba sa motsi, don haka ba na buƙata. Bai ɓoye haɗari ba. Wurin yana iya ɗaukar ƙwayar cuta, rigar da ke lulluɓe jijiyoyi tana iya ɓulewa ruwa ya zuba, jini yana iya daskarewa a ƙafa, kuma bayan shekaru wani wurin yana iya tsukewa. Shanyewa gaba ɗaya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, tunda aikin a ƙasa yake da inda laka ta ƙare. Maganar da ta fi shiga raina ita ce da ya ce, "Mama, aikin nan don ƙafa ake yin sa. Ciwon baya zai iya raguwa, amma ban yi miki alkawarin zai tafi ba." Wanda ya faɗa mini abin da ba zai iya ba, shi na yarda da shi.

Ya ce ana irin wannan aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ana yi a asibitin ƙashi na Dala a Kano. Muka zaɓi Kano saboda ƙanwata tana aure a can, akwai mai jinya da wurin sauka. Kuɗin kuwa gayya aka yi. Na sayar da sarƙata da 'yan kunne, 'yan adashenmu suka ba ni ɗauka kafin zagayena, 'ya'ya da ƙanne suka cika. Yayar tawa da ta fi kowa ƙi, ita ta fara kawo nata ƙulle a bakin zane.

Ban san yadda aka yi aikin ba, barci aka sa ni. Abin da na sani shi ne washegari ma'aikaciyar gashin ƙashi ta zo ta ce in tashi. Na ce mata, "'Yar nan, jiya fa aka yanka ni." Ta ce ai shi ya sa. Ta nuna mini yadda zan mirgina gefe jikina a haɗe, in sauke ƙafafu, in tura da hannu. Wurin ɗinkin yana zafi sosai, amma da na tsaya na jira nauyin nan ya gangaro cinyata, shiru. Na taka zuwa ƙofa na dawo ina ta hamdala.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah da ba zan manta da ita ba. Ita ciwonta ya kai ga fitsari ya riƙe, wurin zamanta da gabanta suka sage, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har aka yi kwanaki ana ba ta jiƙe-jiƙe. An yi mata aiki, ƙafafu sun motsa, amma har na baro ta da robar fitsari take. Saboda ita nake roƙon duk mai ciwon baya, in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninki ba, in bayan gida yana kuɓuce miki, in kin yi tsarki ba kya jin ruwa a wurin, ko ƙafafu biyu suna mutuwa da sauri, wannan ba na jiran gobe ba ne. A ranar ake tafiya asibiti, ko tsakar dare ne. Haka kuma tsukewar tana iya zama a wuya. Mai wannan zai ga maɓalli yana gagararsa, cokali yana faɗuwa daga hannu, tafiya tana tangaɗi. Shi ma a gaggauta, domin a can lakar kanta ce ake matsewa.

Makonni shida na farko an hana ni duƙawa, ɗaukar kaya da murɗa ƙugu. Abin da ba wanda ya tuna sai da muka dawo Kaduna shi ne bayan gidanmu na tsuguno ne. Da sauri aka nemo kujerar da ake ɗorawa a kai. Duk mai shirin wannan aiki ya tanadi wannan tun kafin ya tafi, da gado mai ɗan tudu, domin tashi daga katifar ƙasa wahala ce. Alwala a zaune nake yi, autata tana zuba mini ruwa a ƙafa. Kullum da safe ina zagaya tsakar gida, daga baya na fita layi, daga baya na koma kan kekena da motsa jikin da aka koya mini.

Yau ina tsayawa in gama darasi, ko da yake doguwar kujerar tana nan kuma ina amfani da ita. Ina zuwa kasuwa a ƙafa in dawo a napep saboda kaya. Azumin da ya wuce na yi mafi yawan tarawihi a tsaye. Ƙuguna yana ciwo in hunturu ya shigo ko na daɗe a mota, kamar yadda aka faɗa mini. Babban yatsan dama bai dawo daidai ba, gefensa a sage yake har yanzu, shi ya sa na bar silifas na koma takalmi mai maɗauri a dunduniya. In na yi sakaci da motsa jiki na mako guda, jikina yana sanar da ni.

Akwai maƙwabciyata, mai sayar da ƙosai a bakin layi, da na lura tana dafa bango tana sunkuyawa duk lokacin da ta taso daga masallaci. Na tambaye ta, amsoshinta irin nawa ne sak, amma ban ce mata ciwonmu ɗaya ba, wannan aikin likita ne. Mun yi da ita ranar Litinin zan raka ta. Na ce ta lura daga ina zuwa ina take iya takawa kafin ƙafar ta sage, da abin da ke sa ta lafa, ta kuma zo da duk ledojin maganin da take sha, har wanda aka ƙulla mata a kemis.